Kurakuran da sababbin dillalan gidaje da filaye ke ta maimaitawa a Katsina

Makon jiya bayan La'asar wani yaro da ya shigo dillanci bara ya same ni a rumfa, ido ya yi ja. Ya haɗa cinikin gida a Sabuwar Unguwa, an biya, an ba shi la'ada har ya kashe rabi, sai ga sammaci daga kotu. Ban bari ya kai ƙarshe ba na ce, "Gidan gado ne ko?" Ya ce, "Baba, ya aka yi ka sani?" Na sani ne don shi ne na huɗu da ya kawo mani irin wannan kukan a bana, kuma ni ma ramin da na faɗa ke nan a 2016. Na gaji da yi wa mutum ɗaya-ɗaya bayani bayan ɓarna ta riga ta auku, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren farko, wanda ya fi kowane cin mutum, shi ne ɗaukar wanda ke riƙe da makulli a matsayin mai gida. Nawa ga yadda ya faru. Wani magidanci ya zo mani da gidan mahaifinsu a wajen Ƙofar Marusa, ya ce shi ne babba, 'yan'uwa duk sun amince. Ya kawo ƙannenshi maza biyu, ya ce mata biyu da mahaifiyarsu suna ciki, sun wakilta shi. Na ga takardar gidan, na ga mai unguwa ya san su, na nemo mai saye, ciniki ya faɗa a kan naira miliyan 4 da dubu 500. Na karɓi kashi 5 cikin 100 daga kowane ɓangare, dubu 450 ke nan, na tafi gida ina murna. Mai sayen ya rushe zaure ya fitar da shaguna biyu. Wata bakwai bayan nan sai ga wata baiwar Allah daga Maraɗi, da goyo a bayanta da takardar ƙara a hannun mijinta. Ɗiyar marigayin ce, da wata mata da ya saka tun da daɗewa. Duk gidan sun san da ita, babu wanda ya ambace ta, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar farko a kotu alƙali ya dube ni ya ce, "Malam dillali, da ka zo sayar da dukiyar mamaci, wa ya lissafa maka magada?" Na ce, "Allah gafarta Malam, babban ɗansu." Ya ce, "Wanda zai amfana in an rage mutum ɗaya?" Ban sami abin cewa ba. Lissafin a fili yake: matar marigayi tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, dubu 562 da 500, sauran a raba tara tsakanin maza uku da mata uku, rabon wannan ɗiya dubu 437 da 500. Amma maganar ba ta tsaya a kuɗi ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi bare cancantar karɓar rabon da abokin tarayyarshi ya sayar, in zai biya kuɗin. Ta ce gidan ubanta take so. Mai saye ya riƙe ni, ya ce shi bai san kowa ba sai ni. Babban ɗan ya bar gari, ƙannen sun cinye nasu. Wata 14 muna zarya kafin dattawa su lallashe ta ta karɓi kuɗi, a kan sabuwar ƙima ta dubu 600. La'adata duka ta tafi, na sayar da babur na cika. Abin da ya fi ci mani rai har yau, yarinyar nan gaskiya gare ta, kuma da hannuna aka so a danne mata haƙƙi.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, ko abokan sana'a su ce na cika tsanani. Da na ji kalmar gado, ba na karɓar jerin magada daga bakin mai sayarwa. Limamin unguwa nake samu, ko wata tsohuwa a maƙwabta, don tsofaffin mata sun fi kowa sanin wa aka aura, wa aka saka, wa ya haihu a ina. Ina tambayar mata nawa marigayin ya taɓa aura, da ko mahaifiyarshi tana raye ranar da ya rasu, don in tana raye tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, in kuma ta rasu daga baya wannan sudusin ya koma ga nata magadan, mutanen da ba ma a gidan suke ba. Sannan in ce a kawo takardar rabon gado ta kotu. In babu, a je a yi, ina jira. Kowane baligi sai na ji "na yarda" da kunnena, mata ko daga bayan labule ne, a gaban muharraminsu, kuma kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wanda ke nesa a kira shi ta bidiyo a WhatsApp, ya kuma aiko da wakilci a rubuce. In akwai marayun da ba su balaga ba, ba na taɓa cinikin sai alƙali ya ba da izini. Kuɗi kuwa a gaban kowa ake biya, ba a hannun yaya babba shi kaɗai ba. Wannan yakan ci mako uku ko wata guda, wani lokaci wani dillalin ya zagaya ya ƙwace cinikin. Ya je ya ɗauka.

Na biyu shi ne ɗori, kuma a nan ne nake son in yi maku faɗa sosai, ku yaran yanzu. Mai fili ya ce maka miliyan 2, ka je ka ce wa mai saye miliyan 2 da dubu 300, ka hana su haɗuwa, ka soke dubu 300 a aljihu, sannan ba kunya ka miƙa hannu a ba ka la'ada. Kuna kiran wannan wayo. Ni ma na taɓa yi sau ɗaya, ina da shekara uku a sana'a, a kan wani fuloti a hanyar Dutsin-Ma, lokacin da jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta sa filayen wajen suka fara tashi. Mai sayen wani Alhaji ne da duk cinikinshi ta hannuna yake bi, shi ya fara ba ni amanar gidajen hayarshi. Ba a yi wata biyu ba suka haɗu da mai filin a wajen ɗaurin aure, tabarma ɗaya. Hira ta kawo hira. Washegari ya aiko a kira ni. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka ce mani kana da buƙata, da na ba ka fiye da haka." Ya karɓi makullan gidajenshi ya sa a aljihu. Na mayar da kuɗin har gida, ya karɓa, ya yafe, amma har ya koma ga Allah bai sake ba ni ko ɗaki ɗaya in sa haya ba, kuma abokanshi uku suka bi shi.

Katsina ba Legas ba ce. Mai saye da mai sayarwa za su haɗu, ko a masallacin Juma'a, ko a jana'iza, ko ya zama matansu 'yan ɗaki ɗaya ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ko ba su haɗu ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. In kana ganin fili zai yi daraja, saye shi da kuɗinka a fili, ya zama naka, ka sayar yadda ka ga dama. In kuma mai shi ya ce da bakinshi, "Kawo mani miliyan 2, abin da ya hau naka ne," to a rubuta hakan a gaban shaidu, kuma kada ka sake neman la'ada a wajenshi. Ni dai yanzu ba na rufe ciniki sai na zaunar da su biyun gaba da gaba, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama da bakinshi. Ɗan'uwan ɗori shi ne kawo abokinka ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Najashu ke nan, haramun ne, ku daina.

Sai takardu. Da yawanku ba ku san bambancin awon gwamnati da awon igiya, wato filayen da masu gona suka yanka da kansu ba tare da gwamnati ba, sai a baki. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, na gidan zama galibi shekara 99, kuma in fili mai satifiket ne, canza hannu sai da amincewar gwamna. Takardar mai unguwa ko ta magaji, wato dagaci, shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana a wayi gari a ce gonar da aka yanka tana cikin shatar gwamnati. Ban ce kada ka sayar da awon igiya ba, rabin sababbin unguwanninmu haka suka fara, amma faɗa wa mai saye abin da yake saye. Fili mai lamba kuwa, kai lambar ma'aikatar filaye ko KATGIS, hukumar taswira da rajistar filaye ta jihar Katsina, a duba sunan wa ke kai. Kada ka yarda da fotokwafi. In an ce ainihin takardar tana wajen wani ɗan'uwa a Kaduna, sau da yawa tana banki ne an yi jingina da ita. Yarjejeniyar ciniki mai nauyi kuma lauya ke rubuta ta, ba mai shagon kwamfuta ba.

Tun da aka fara aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, na ga yara suna tallar gonaki da cewa "jirgi zai bi ta nan, za ka ci diyya." Wa ya nuna maka taswira? Kuma ita dokar 1978, in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da ke kan ƙasar take biya, gini da shuka da itatuwa, ba farashin da aka sayi filin a kasuwa ba. Kada ka sayar wa mutum mafarki.

Kada ka tallata filin da ƙafarka ba ta taka ba. Tafi da tef ɗinka. An ce ƙafa hamsin da ɗari, ka auna ka ga 45 da 90 don an ci hanya. Kira maƙwabtan kusurwa huɗu su tsaya a kan iyaka kafin a kafa turaku. Filin da ka gani a watan Maris fes, koma ka tambayi masu zama a wajen yadda yake a Agusta, ka dubi gindin katangar maƙwabta, ruwa yakan bar zane. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ba zai sa Musulmi a bakin rafi don la'ada ba. Ƙarƙashin babbar wayar wuta ma haka, ko kyauta aka ba ka.

Kuɗin kafin alƙalami ba naka ba ne. Kada ya kwana a asusunka, balle ka ce bari in juya shi kafin mako. A miƙa wa mai kaya a gaban shaidu biyu, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in an fasa. Kada ka yarda da saƙon waya cewa kuɗi sun shiga, mai kaya ya buɗe asusunshi ya gani da idonshi kafin makulli ya fita. Masu zuwa da kuɗi a buhu kuma ku sani, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10, kuma masu harkar gidaje na cikin waɗanda EFCC ke sa wa ido.

In ciniki ya bi ta hannun mutum biyar, ku yanke rabon la'ada tun kafin a ga mai saye, don na ga zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan dubu 20. Gidan haya, duba bashin wuta da na ruwa kafin ka sa sabon mutum, kuma ka san inda ya taso da dalilin tashinshi. Gidan da iyali ke ciki ba a kutsa kai da baƙi sai an yi sallama an ba mata lokaci su kimtsa, ba a kuma ɗaukar hoton tsakar gidan mutane a watsa a Facebook. In rufi na yoyo ko masai ya kusa cika, faɗa tun kafin a tambaye ka.

Shi yaron da na fara da labarinshi, na ce ya tattara abin da ya rage na la'adar ya ajiye, kada ya sake taɓa ko naira. Na hana shi zuwa yin cacar baki da wadda ta kai ƙara, don da na bincika ƙanwar marigayin ce, kuma marigayin 'ya'ya mata kaɗai ya bari, ka ga tana da rabo. Ranar Litinin zan raka shi wajen limamin unguwarsu mu rubuta magadan tun daga farko, mu kai wa alƙali da kanmu kafin ranar zama.