Idan an sake ki, ga yadda za ki bi haƙƙinki

Ƙanwata, kafin komai ki karɓi takardar saki, ki duba ko ya rubuta saki nawa ne. Nan Gusau na ga mata da yawa sun rasa haƙƙinsu don rashin wannan takarda.

A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, aure ba ya haɗa dukiya. Gado, katifa, kwanuka, keken ɗinki da akuyar da kika saya da kuɗin adashi duk naki ne, haka sadaki. Ki kira waliyyinki da shaidu biyu a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗora a mota. Idan kin zuba kuɗi a ginin gidansa, nemo rasit ko magini ya shaida, don alƙali hujja yake nema.

Saki ɗaya ko biyu, ci da wurin zama suna kansa har idda ta cika. Saki uku, wurin zama kawai, sai in kina da ciki, to har da ci.

Yara kuwa, riƙonsu naki ne muddin ba ki sake aure ba, ciyarwa tasa. In ya ƙi, kai ƙara a yanka masa kuɗin wata.