Notin konrod a tsohuwar 504: a mayar ko a canza?

Duk wanda ya taɓa sauke injin Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna da aka buɗe a 1975, ya san gardamar nan. An sayi ringi, an sayi metal, an kai karanshaf an gyara, amma da an zo kan notin konrod, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, sai kaji oga yace "mayar da shi kawai, ai ba abin da ya same shi". Wallahi abin nan yana damuna, domin fistin huɗu ne, noti takwas, kuma ɗaya tak in ya tsinke kana kan hanyar Zariya konrod ɗin zai iya fasa bulok ya leƙo waje, shikenan inji ya tafi.

Shi wannan notin duk sanda aka ɗaure shi yana ɗan miƙewa ne kamar roba, miƙewar ce ke riƙe marfin konrod, wato rabin da ke rufe shi a jikin karanshaf. In aka wuce ƙima sai ya miƙe ya ƙi komawa, kuma ido baya gani.

To kafin ka kwance komai ka sa alama, kowane marfi da konrod ɗinsa da ɓangaren da yake kallo, kar ka cakuɗa su. Ka wanke notocin da fetur su bushe. Sai ka murza kan notin, wato nat ɗin da ke hawa kansa, da yatsa tun daga sama har ƙarshen tiredi, in ya cije a hanya ko yana rawa, ajiye shi gefe. Ka duba wuyansa a cikin haske, in wani wuri ya sirance ko akwai tsatsa da ta ci jiki ko ƴar tsaga, ya gama aiki. Sannan awo, ka samu maikuromita, abin auna ƙaramin tsawo, ka auna tsawon duka takwas ɗin, wanda ya fi ƴan uwansa tsawo ya miƙe ne. Ni dai in ɗaya ya faɗi, ko injin ya taɓa bugawa, ko ban san hannu nawa ya bi ba, duka nake canzawa.

Sai dai a kula, sabo na jabu ya fi tsohon orijina hatsari, kuma na kasuwar Panteka da aka ciro daga wani inji shima tsoho ne, sai ka auna shi kamar naka. In notin irin wanda ake bugawa cikin konrod ne, bayan canji ka kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya duba ko ramin konrod ɗin yana nan a zagayensa.

Wajen ɗauri don Allah a bar sifana da bututu. Ɗan baƙin mai a tiredi in littafin injin ya ce haka, tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka ɗaure kaɗan kaɗan ɓangare biyun har ka kai adadin da littafin ya faɗa. In kuma littafin ya ce bayan ɗauri a ƙara juyi da digiri, galibi irin wannan ba a mayar da shi, sabo ake sawa. Kowane konrod ka gama, ka juya karanshaf da hannu ka ji yana tafiya sumul kafin ka taɓa na gaba.