Kuɗin fanshon ma'aikata: inda masu makarantu da asibitoci ke tuntuɓe a Zariya

Aikina duba littattafan albashi ne, galibi na makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci daga Sabon Gari zuwa Samaru da Tudun Wada, kuma da wuya in buɗe fayil ɗin fansho in same shi tsaf. Mafi yawan masu wuraren nan mutanen kirki ne. Abin da ke kai su ƙasa shi ne suna ganin kuɗin da aka cire daga albashin ma'aikaci har yanzu nasu ne, muddin yana cikin asusun makaranta. Alhali tun ranar da aka cire shi ya zama amana.

Bari in fara da lissafi, don nan ne ɓarnar take ɓuya. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai wurin aiki ya ɗora aƙalla kashi 10. Har yau ina tarar da kwamfutar akawu tana cire kashi 7.5 daga kowane ɓangare, wato tsohon tsarin dokar 2004, saboda wanda ya tsara jadawalin ya bar aiki tuntuni kuma ba wanda ya sake leƙa shi. Wani kuma sai ya zabtare duka 18 ɗin daga albashin ma'aikaci, wanda zalunci ne tsagwaronsa. Idan mai wuri ya ce shi zai ɗauke nauyin baki ɗaya, to abin da doka ta ɗora masa bai gaza kashi 20 ba.

Wanda ya fi yawa shi ne yin lissafi a kan tsurar albashi. Doka ta haɗa abu uku a mafi ƙaranci: ainihin albashi, kuɗin haya da kuɗin mota. A ce malamin aji yana karɓar 40,000 na albashi, 20,000 na haya, 10,000 na mota. A kan 70,000 za a buga: nasa 5,600, na makaranta 7,000, jimla 12,600 a wata. Idan aka tsaya a kan 40,000 ɗin, 7,200 kawai za su shiga. An danne masa 5,400 ke nan kowane wata, 64,800 a shekara, ban da ribar da kuɗin za su haifa masa kafin ya tsufa. Gyaran ba wuya: a sake lissafi tun daga watan da aka soma kuskuren, a biya cikon, a rubuta a jadawali cewa na watanni kaza ne.

Sai jinkiri. Kwana bakwai na aiki doka ta bayar daga ranar da aka biya albashi. Wata makaranta da nake yi wa aiki ta shiga dogon hutu, kuɗin makaranta bai shigowa, ga fenti, ga gyaran rufi kafin damina ta ƙarasa shi. Mai makarantar ya ce da ni, "Malam, a bari yara su dawo, sai a tura na wata uku gaba ɗaya." Na ce, "Alhaji, wannan kuɗin ba namu ba ne." Ya yi dariya ya ce ai ba gudu zai yi ba. Wata uku suka zama bakwai. Rannan wata malama, wadda ta fi shekara goma a wurin, ta shigo ofis da wayarta a hannu, ta ajiye a gabansa ba tare da ta ce uffan ba. Saƙon ƙarshe daga kamfanin fanshonta ne a buɗe, da kwanan watansa. Ban taɓa ganin Alhaji ya rasa bakin magana irin na ranar ba. Tarar jinkiri ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da aka riƙe ba, a kowane wata, ko da kwanaki kaɗan aka ci a cikin watan, kuma PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, tana da wakilan da take turawa su ƙwato bashin da tararsa. Shawarata ita ce a tura fansho a ranar da aka tura albashi. Kuɗin da ya kwana a asusu, sai an samo masa buƙata.

Akwai kuma waɗanda suka biya da gaske, amma kuɗin bai isa ba. Kuɗi ba ya shiga asusun kowa sai da jadawali mai ɗauke da suna, da lambar asusun nan mai farawa da PEN, da watan da ake biya wa. Lamba ɗaya ta kauce, kuɗin ya maƙale a hanya. Mu kuma ga mu da Muhammad da Mohammed da Muhammadu, mutum ɗaya suna uku: na takardar ɗaukar aiki daban, na NIN daban. Kada a karɓi lamba da baki ko a guntun takarda, a nemi kwafin takardar rajistar fanshon ma'aikacin. A kuma riƙa tambaya, domin tun 2020 ma'aikaci na iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, kuma ba kowa ke tunawa ya faɗa wa akawu ba.

Sabon ma'aikacin da ya taɓa aiki a wani wuri, da tsohuwar lambarsa zai ci gaba. Buɗe masa asusu na biyu jawo masa wahala ne ranar karɓa. Wanda kuma ya yi wata shida bai buɗe ba, mai wurin ne zai sa a buɗe masa na wucin gadi a riƙa zubawa.

Inshorar rai ta ma'aikata kuwa kusan kowa ya manta da ita, alhali dole ce: aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ba a tuna ta sai an yi rasuwa, ko sai an je neman takardar shaidar PenCom don kwangilar gwamnatin tarayya, a ce a kawo takardar inshorar bana.