Yadda ake haɗa wa jariri ɗan wata 6 karin kumallo ba tare da wahala ba

Ɗiyata ta fari da ta kai wata 6 na fara ba ta kunu kullum da safe, tana sha sosai har ta shanye moɗa, ni kuma ina murna ina cewa yarinya ta karɓi abinci. Sau biyu a jere na kai ta awo likita kilonta bai motsa ba, ranar ta biyu matar da ke awon ta ce maman yarinya gobe ki zo mini da kunun da kike ba ta in gani. Na kai, ta ɗiba da cokali ta karkata shi, kunun ya zube tas kamar ruwa. Ta ce to ga matsalarki nan, ruwa kike cika mata ciki da shi. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci, don wata biyu yarinyar ta yi a haka ni ban sani ba. Tun daga nan na ga ƙannena biyu da maƙwabta da yawa nan Tahoua sun faɗa rami ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi yanzu, na raini uku a kansa.

Da farko ki tabbata lokaci ya yi. Wata 6 cif, ba 4 ba, ba don kaka ta ce yaro yana kallon bakin mutane ba. Kafin wata 6 nono zalla ne, ko ruwa ba a ba shi ko da zafin watan Afrilu ne, haka OMS, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ce kuma haka za a faɗa miki a kowace CSI, wato likitar unguwa ko ta ƙauye. In ya kai wata 6 za ki ga wuyansa ya tsaya, yana zama in an tokare shi, yana kai hannu kwanonki, in kin sa mishi cokali ba ya turo shi waje da harshe. Kuma fara abinci ba yaye ba ne, nono yana nan har shekara 2, da safe ma ni nono nake fara ba shi in ya tashi, sai bayan kamar awa ɗaya in kawo kunu, lokacin bai ƙoshi ba kuma yunwa ba ta sa shi kuka ba. Yaron da ya riga ya fara kukan yunwa ba ya karɓar cokali, kada ma ki gwada.

Mataki na biyu shi ne garin, kuma shi ne sirrin sauƙin duka, don in kina da gari a ajiye karin safe minti goma sha biyar ne. Ni ma'aunina gwangwanin tumatir, hatsi gwangwani 3, wake 1, gujiya 1. Hatsin ki surfa ki wanke ki shanya ya bushe, ki soya shi sama-sama a tukunya ba mai har ƙamshi ya tashi. Waken ki soya shi daban ki ɓarza ki bushe ɓawon, in kin bar ɓawon nan cikin yaro zai kumbura ya hana ki barci. Gujiyar ki zauna ki tsince ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko ta yi hunhuna ki zubar kada ki ji tausayin kuɗinki, hunhunar gujiya tana da guba mai taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Ki soya ki murje ɓawon, ki haɗa duka ki kai inji. A wurin inji ki tsaya da kanki ki ce a fara zuba miki ɗan hatsi a wanke injin da shi, don ba ki san ko yanzu aka gama niƙa barkono ba. Ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki bar shi ya huce sarai kafin ki rufe a roba mai murfi. Kada ki yi da yawa, na sati biyu ya isa, saboda man gujiyar yana sa shi ya canza wari in ya daɗe musamman da zafi.

In ba ki da lokacin wannan duka akwai garin Misola da ake yi nan ƙasar da hatsi da waken soya da gujiya, an ƙara mishi bitamin, yana da kyau kuma ya fi na gwangwanin farmasi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Na gwangwanin ma ba laifi gare shi ba in akwai hali, abin da na gani kawai shi ne in ya kusa ƙarewa kuma wata bai mutu ba sai uwa ta fara rage cokali tana ƙara ruwa don ya kai, to an koma gidan jiya.

Yanzu ga wurin da nake so ki tsaya ki karanta da kyau, kaurin kunu. Cikin jariri ɗan wata 6 zuwa 8 ƙarami ne, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai kai cikin kofin shayi babba ba. In kin cika wannan ɗan wurin da kunu tsararo, yawancinsa ruwa ne, garin da ke ciki bai kai cokali ɗaya ba, yaro zai ƙoshi a ido, ya yi fitsari sau biyu shi ke nan ya tafi, ga shi kuma ya rage shan nono don cikinsa a cike yake, ga nonon ma ya fi wannan kunun ƙarfi. Wato kin cire mishi mai kyau kin sa mishi marar amfani. Mu kuma abin da ke sa mu tsinka shi tsoro ne, muna ganin mai kauri zai shaƙe shi ko ya hana shi kashi, ko kuma don a zuba a bibaro, wato kwalbar shayar da jariri, a huta. Duk kunun da zai iya wucewa ta kan bibaro bai yi ba, ko kin faɗaɗa hudar da allura. Bibaro ma ni ba na son shi ko kaɗan, wanke shi wahala ne kuma daga nan zawo ke farawa.

Ga yadda nake damawa. Cokali babba 2 na gari a tule, in kwaɓa da ɗan ruwan sanyi kada ya yi gudaji, in zuba cikin ruwan da ke tafasa kamar rabin kofi da ɗan ƙari, in rage wuta in yi ta juyawa minti 10, kada ki sauke da ya yi kauri kawai, waken yana son ya dahu. Sai gwajin cokali, ki ɗiba ki karkata, in ya zauna a cokalin sai da ƙyar ya sauko a dunƙule to ya yi, in ya zuba kamar koko ki mayar wuta ki ƙara gari. Bayan kin sauke ki sa ƙaramin cokali ɗaya na man gujiya ko man shanu da aka soya. Ba gishiri, ba magi, ba sukari, kuma zuma haram ce gare shi har sai ya shekara 1, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙa, tana shanye mishi jiki har numfashi. Na san ana lasa wa jarirai ita a gidaje da yawa da niyyar alheri, ki yi wa Inna bayani da ladabi, ki ce lokotoro ne ya hana, ta fi jin wannan a kan ki ce ke kika ga dama.

To in yaron ya ƙi mai kaurin fa, yana kakari yana turowa? Wannan shi ya faru da ɗana na biyu, kuma dabarar da ta cece ni ita ce garin tsiron hatsi. Ki jiƙa hatsi gwangwani ɗaya ya kwana, ki tsane ki baza a kan buhu mai tsabta da aka jiƙa ki rufe da wani, kina yayyafa ruwa safe da yamma, kwana 2 zuwa 3 zai yi tsiro. Ki shanya a rana ya bushe ƙarau, ki murje tsiron da saiwar ki bushe su ki zubar, ki daka ƙwayar ki tankaɗe. In kin dama kununki da kauri sosai kamar talge, ki sauke ya ɗan sha iska yana da zafi amma ba tafasa ba, ki barbaɗa ɗan wannan garin kamar rabin ƙaramin cokali ki juya, ki jira minti biyar, da idonki za ki ga ya saki ya yi laushi ba tare da kin ƙara ruwa ko ɗigo ba. Abin da ke cikin ƙwayar da ta yi tsiro ne ke narkar da sitacin, garin duka yana nan a ciki, kaurin ne kawai ya tafi, har ɗan zaƙi yake yi na kansa. Sai ki mayar wuta ya tafasa sau ɗaya ki sauke. Da hatsi nake yi ba da dawa ba, tsiron dawa yana da guba in ba a cire shi da kyau ba, ni ba na wasa da shi. Gwangwani ɗaya zai yi miki fiye da wata, kuɗinsa bai kai komai ba.

Yawan da za ki ba shi, satin farko cokali babba 2 ko 3 ya isa, in ya sha ɗaya ma ya kawar da kai ki ƙyale shi gobe ma rana ce. A hankali kina ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 6 zuwa 8 sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 sau 3 ko 4. Ki zaunar da shi a cinyarki a miƙe, ki wanke hannunki da nashi da sabulu, kwanonsa daban cokalinsa daban don ki san abin da ya ci. Don Allah kada ki yi ɗura. Kwantar da yaro a toshe mishi hanci a zuba kunu da tafin hannu, na san haka aka yi mana amma kunun yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu, kuma yaron da aka yi wa ɗura da ya ga moɗa yake fara ihu, kin ɓata abin da kanki.

In ya saba da kunun kamar sati ɗaya sai ki fara canza mishi, abu ɗaya sabo a lokaci guda, ki ba shi kwana 2 ko 3 ki ga yadda jikinsa ya karɓa kafin ki kawo wani. In kin ga ƙuraje sun feso, ko leɓe da ido sun kumbura, ko amai, ki tsayar da abin, in numfashi ne ya canza ki ɗauke shi sai likita nan take kada ki jira maigida ya dawo. Ƙwai da gujiya su aka fi sa wa ido.

Ƙwai shi ne karin da na fi so bayan kunu. Ki dafa ya dahu sosai har gwaiduwar ta yi tauri, ki murƙushe da cokali ki haɗa da nononki ko ki zuba cikin kunun. Maganar wai ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana da wuri ba ta da tushe, 'ya'yana uku sun ci kuma bakinsu ya buɗe a kan lokaci. Da damina ƙwan zabi yana araha, ki yi amfani da lokacin.

Ranar da kika makara, ayaba cikakkiya rabi ki dame da cokali, minti ɗaya an gama, ba wuta ba gawayi. Lokacin mangwaro ki kankare naman wanda ba shi da zare. Dankalin Hausa ko kabewa ki dafa ki dame da ɗan mai, kabewar nan mai ja tana da bitamin A mai gyara ido, yanka ɗaya a kasuwa zai yi miki kwana biyu. Ranar Lahadi in an shiga kasuwa ki sa a sayo miki 'yar hanta, ki dafa ki daka ki zuba cokali ɗaya a kunu, sau ɗaya a sati ya isa, saboda daga wata 6 sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi yana ƙarewa kuma hatsi kaɗai ba ya mayar da shi, daga nan ƙarancin jini ke shigowa. Busasshen kifi ma haka, in an samu na Tabalak ki cire ƙaya tas ki daka ki tankaɗe sau biyu. Garin zogale da aka shanya a inuwa ɗan kaɗan a bakin cokali, in ya yi yawa ɗaci zai sa ya ƙi kunun gaba ɗaya.

Hura kuwa na san ita ce karin gidajenmu a Adar, amma ba ta ɗan wata 6 ba ce, ana dama ta da ruwan randa da nonon da ba a tafasa ba ga yaji ga sukari, ki bari ya girma tukuna. Kokon mai koko ma haka, ruwa ne da kayan yaji. Shayi da biredi kada ki fara, shayin yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abinci. Gujiya ƙwaya, dabino, ƙuli-ƙuli da duk abu mai tauri ki kawar daga gabansa, kuma ki ja wa yayyensa kunne don su ne masu sa mishi a baki.

Abin da ya rage a kwano ki ba yayansa ko ki shanye, kada ki ajiye mishi zuwa azahar, da zafin garin nan awa 2 ta ishe shi ya lalace, firigo kuma ba abin dogara ba ne in wuta tana ɗaukewa. Bayan ya ci ki ba shi 'yan kurɓi na ruwan da aka tafasa ya huce a ƙaramin kofi. Wajen wata 8 zuwa 9 ki daina tacewa da damewa lukui, ki bar 'yan gudaji, ki ba shi yankan ayaba ko dafaffen dankali ya riƙe da hannunsa ya ɓata jikinsa ba komai. Kuma kowane wata ki kai shi awo da karnensa, wato katinsa na likita, ki tambaya a nuna miki layin kilon ko yana hawa, a nan ma za a ba shi bitamin A na wata 6 in ba a riga an ba shi ba.