Yadda na gyara tura ƙarfe sama da ya ƙi wuce kilo 40

A wurin ɗaga ƙarfe da nake zuwa a Gusau, idan ina tura sandar ƙarfe daga kafaɗa zuwa saman kai, tana maƙalewa daidai goshina, ƙugu kuma yana ciwo. Bel na ɗaure ƙugu da ƙarin motsa kafaɗa ba su yi komai ba.

Na ajiye waya a gefe na ɗauki bidiyo. Ashe sandar zagaye fuska take yi ta gaba, kuma duk ratar da ke tsakaninta da kafaɗa ƙarin nauyi ce.

Ga abin da ya yi aiki: riƙo kaɗan a wajen kafaɗu, sandar a kan gindin tafi, gwiwar hannu ɗan gaban sandar. Ja numfashi, ƙame ciki, matse ɗuwawu. Janye haɓa baya, tura a miƙe, da ta wuce goshi ka shigo da kai ƙarƙashinta har ta tsaya saman tsakiyar ƙafa.

Na koma kilo 35, zagaye 3, kowane zagaye ɗagawa sau 5. Ƙarin kilo 2.5 ya yi wa wannan motsi yawa, sai na sa mai walda ya yanko farantan ƙarfe biyu na rabin kilo, na sakawa a sandar. A littafi ina rubuta rana, nauyin duka har da kilo 20 na sandar, da sau nawa ya tashi. Sai an cika ɗagawa 15 ɗin ake ƙara nauyi.

Alhamdulillahi, nauyin ya wuce kilo 40, na gode wa wanda ya ba ni shawarar bidiyon.