Yadda Ake Haɗa Iskar Kabon Dayoksaid a Gida Domin Tsirran Tankin Kifi

Duk wanda ya taɓa dasa tsirrai a tankin kifin ado ya san yadda suke yi bayan 'yan makonni: ganye ya tsaya cak, launinsa ya dusashe, gansakuka ta fara mamaye gilashi, alhali fitila tana ci kuma ana zuba taki. Sau da yawa abin da ya yi musu ƙaranci shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, domin da ita tsiro yake gina jikinsa idan ya samu haske. Ruwan tankin da ba a ƙara masa komai ba yakan riƙe miligram biyu zuwa uku ne kacal a kowace lita, su kuwa masu kiwon tsirran ruwa suna neman kusan miligram 30. Tukunyar gas ta kamfani tana magance wannan cikin sauƙi, amma ga ƙaramin tanki, wanda bai kai lita 100 ba, gorar roba da sukari da yis sun wadatar, matuƙar an fahimci halinsu.

Dabarar ba ta da wuya. Yis halitta ne mai rai, yana cin sukari ya fitar da barasa da CO2. A lissafi, giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 88 na iskar, wato kusan rabin nauyinsa, ko da yake a aikace ba a kaiwa can, saboda barasar da ke taruwa ita ke kashe yis ɗin tun sukarin bai ƙare ba. Abu ɗaya ne ya kamata ya zauna a zuciyar mai haɗawa tun daga farko, shi ne cewa yis ba shi da makunni. Yana aiki dare da rana, ya yi sauri idan ɗaki ya yi zafi, ya yi sanyin jiki idan sanyi ya shigo, kuma duk matakan da ke tafe an tsara su ne domin a zauna lafiya da wannan hali nasa.

Kayan aiki da huda murfi

A samu gorar roba mai lita biyu, irin wadda aka yi don abin sha mai gas, domin ita aka ƙera ta jure matsin iska. Kwalbar gilashi ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan. Sai ƙaramar gora ta rabin lita, da siririn tiyon iska na tankin kifi, wanda kaurinsa milimita 6 ne daga waje, da bawul mai barin iska ta wuce gefe guda kawai, da kuma abin tarwatsa iskar a cikin ruwa.

Mataki na farko shi ne huda murfi, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. A huda rami ɗaya a murfin babbar gora, biyu a murfin ƙarama, kowane rami ya ɗan gaza kaurin tiyon, misali milimita 5. A yanke bakin tiyon a karkace ya yi tsini, a zura tsinin ta ramin, sannan a kama shi da filaya daga ciki a ja da ƙarfi har ya shige kamar santimita biyu. Tiyon da ya shiga da ƙyar shi ke toshe ramin da kansa. Wasu suna huda rami mai faɗi su cike gefensa da gam ɗin silikon, amma silikon ba ya kama robar murfi da kyau, kuma bayan kwanaki kaɗan iskar za ta sami hanyar sulalewa, mutum ya yi ta zargin yis alhali laifin murfi ne.

Ƙaramar gorar ita ce mai gadi. A zuba mata ruwa zuwa rabi. Tiyon da ya taso daga babbar gora ya nutse cikin ruwan, na biyun kuma ya tsaya sama kusa da murfi, bai taɓa ruwa ba, shi ne zai tafi tanki. Amfaninta biyu ne: tana tare kumfa da ruwan yis idan haɗin ya hauro, kuma a cikinta ake ƙirga ƙwayoyin kumfa don a san yawan iskar da ke fita. Ruwan sukari da barasa idan suka shiga tanki sai ruwa ya yi fari kamar hazo, ƙwayoyin bakteriya su yi yawa su shanye oksijin, kifaye su galabaita cikin dare ɗaya. A sa bawul ɗin tsakanin ƙaramar gora da tanki, kibiyarsa tana kallon tanki, domin kada ruwan tanki ya biyo tiyo ya dawo idan matsi ya faɗi.

Haɗin sukari da yis

A zuba sukari kofi biyu, wato kimanin giram 400, a babbar gora, a ƙara ruwa mai ɗumi har ya kai inda kafaɗar gorar ta fara lanƙwasa, a rufe da wani murfin da ba a huda ba, a girgiza sosai har sukarin ya narke. Wajibi ne a bar fili a sama, domin haɗin yana kumfa a kwanakin farko. Ana iya ƙara rabin ƙaramin cokali na bekin soda, wanda yake rage tsamin da ke taruwa ya kuma daidaita tafiyar aikin.

A wani kofi daban a jiƙa rabin ƙaramin cokali na busasshen yis da ɗan ruwa mai ɗumi, digiri 30 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, tare da ɗan sukari, a bar shi minti goma. Idan yana da rai za a ga kumfa mai launin ƙasa-ƙasa ta taso ta rufe saman kofin. Idan kuwa ya kwanta shiru, to ya mutu, a nemi wani. Ruwa mai zafin da hannu ba zai jure ba kashe shi yake yi. Daga nan a juye shi cikin gora, a ɗaura murfi mai tiyo tam, a ajiye gorar inda ba za a ture ta ba.

Akwai jarabar ƙara yis don a ga kumfa da wuri, kuma kuskure ne. Yawan yis ba ya ƙara jimillar iskar, sai dai ya sa ta fito da yawa a kwana uku ko huɗu na farko sannan ta yanke, wannan hawa da sauka kuwa shi ne abin da gansakuka ta fi so, musamman baƙar nan mai kama da gemu da ke kama gefen ganye. A ganina kaɗan mai ɗorewa ya fi wa tsiro amfani nesa ba kusa ba. Haɗi mai kyau yakan fara fitar da kumfa cikin 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya, ya yi mako biyu zuwa uku. Wanda yake son daidaito sai ya haɗa gora biyu a tiyo ɗaya, ya riƙa sabunta su bi da bi, ɗaya a wannan mako, ɗaya a mai zuwa.

Narkar da iskar da auna ta

Kumfar da ta tashi ta fashe a saman ruwa ta tafi a banza. Abin tarwatsa iska mai faifan yumɓu yana fitar da ƙananan ƙwayoyi kamar ƙura, amma wasu nau'o'insa suna bukatar matsin da yis ba zai iya kaiwa ba, don haka a zaɓi wanda aka yi don ƙaramin matsi, ko a sa bakin tiyon daf da mashigar ƙaramar matatar cikin tanki, farfelarta ta daddatse kumfar. A ajiye shi can ƙasa, inda ruwa yake gudana.

Ƙirga kumfa kimantawa ce kawai; ga tanki mai lita 40 zuwa 60, ƙwaya ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu mafari ne mai kyau. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne 'yar kwalbar gwajin da ake mannawa a jikin gilashi daga ciki, mai ɗauke da ruwan gwaji mai ƙarfin 4 dKH (ma'aunin yawan sinadarin kabonet a ruwa) da sinadarin da ke sauya launi. Shuɗi yana nufin iskar ta yi kaɗan, kore yana nufin an kai wajen miligram 30, rawaya kuma ta yi yawa. Sai dai launin yana jinkirin sa'a ɗaya zuwa biyu, saboda haka kifayen su ne shaidar farko: idan suka taru a saman ruwa suna haki, a zare tiyon nan take, a kunna famfon iska, wato injin da ke hura iskar ɗaki cikin ruwa, a canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Da dare tsirrai suna daina shan CO2, su ma su koma shaƙar oksijin kamar kifaye, yis kuwa bai san dare ya yi ba. Kada a taɓa matse tiyo ko a toshe shi da nufin tsayar da iskar, domin matsi zai yi ta taruwa har tiyon ya fizge ko gorar ta fashe, ruwan yis mai wari ya wanke bango. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa famfon iska da agogon lantarki mai kunnawa da kashewa, ya tashi lokacin da fitila ta mutu, ya tsaya sa'a ɗaya kafin ta kama, ko kuma a sa mahaɗa mai buɗewa a tiyon, a saki iskar cikin ɗaki har gari ya waye.

Wanda wannan ɗawainiya ta dare ta gundura yana iya komawa ga tsarin sitirik asid (sinadarin tsami irin na lemun tsami) da bekin soda, inda ake narkar da kowanne a gorarsa, yawanci giram 200 na kowanne, asid ɗin ya riƙa ɗiga cikin sodar gwargwadon faɗuwar matsi. Wannan tsarin ana iya rufe shi da bawul, amma matsinsa ya fi na yis yawa, don haka ba a yin sa da murfin da aka huda da hannu; sai an sayi murafansa na musamman masu ma'aunin matsi da bawul ɗin tsaro, a kuma duba gorunan duk lokacin da za a sabunta haɗi, a jefar da wadda ta nuna tsagewa ko farin layi a gindinta.