Yadda ɗalibi zai shirya wa neman aiki tun kafin ya bar makaranta

Ɗalibai da yawa sai an manna sakamakon jarrabawar ƙarshe sannan hankalinsu ke komawa kan neman aiki. A lokacin nan malaman da za su tsaya musu sun fara manta fuskokinsu, 'yan aji sun watse, ɗakin karatu da intanet ɗin makaranta sun kuɓuce musu, wasu manyan kamfanonin da ke ɗibar sababbin masu digiri kuma sun rufe karɓar takardu tun watannin baya. Da sanyin safiya ake kama fara. Tsarin da ke tafe ya fi dacewa da wanda saura masa wata 12 zuwa 18 ya gama. Wanda ya riga ya fito ma zai iya bin sa, sai dai ya matse lokacin.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: takardar digiri, duk wanda ke layi yana da irinta. Abin da ke sa a kira ka a bar wani shi ne hujjar cewa hannunka ya taɓa yin abu mai kama da aikin da ake nema.

Mataki na 1: Bari tallan aiki ya gaya maka abin da za ka koya

"Ina son aiki a banki" ko "ko'ina ma aka samu" ba shiri ba ne. Zaɓi sunan aiki biyu, iyaka uku, irin waɗanda ake rubutawa a kan talla: mai binciken kuɗi, mai nazarin bayanai, jami'in sayen kaya, malamin lissafi, injiniyan kula da injuna. Sai ka tara talla 20 na kowanne, daga LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, da shafukan kamfanonin kansu, ko da waɗanda lokacinsu ya wuce ne.

Buɗe jadawali a Excel ko ka ja layi a littafi. Duk ƙwarewar da talla ya ambata, rubuta ta, ka sa mata alama duk lokacin da ta sake fitowa. In ka gama za ka ga abubuwa huɗu ko biyar sun bayyana a fiye da rabin tallan. Su ne kasuwa ke saye. A gaban kowanne rubuta gaskiyar matsayinka: na iya, na ɗan taɓa, ko ban sani ba.

Wuri biyu ake yawan tuntuɓe a nan. Na farko, mutum ya zaɓi aiki shida ko bakwai don kada ya yi asara, sai takardunsa su fito ba su kama kowanne ba. Na biyu, ya ga an rubuta "gogewar shekara 2" ya ja da baya. Karanta da kyau: yawancin talla suna raba abin da ya zama dole da abin da ake so in an samu. In ka cika na dolen, kuma kana da mafi yawan sauran, nema.

Mataki na 2: Cike giɓin, ka bar shaida a baya

Ɗauki ƙwarewa biyu kacal a kowane zangon karatu. Fiye da haka darussanka za su ji jiki, kuma sakamako mai kyau har yanzu yana da muhimmanci, tunda akwai ma'aikatun da ke yanke iyakar makin da suke karɓa.

Akwai darussa a Coursera da edX da YouTube, amma tarin satifiket na intanet ba ya burge mai ɗaukar ma'aikata in babu aiki a bayansa. Duk abin da ka koya, yi wani abu da shi wanda za a iya buɗewa a gani. Mai koyon rubuta manhaja ya ɗora aikinsa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a gani. Mai zanen gini ko zanen talla ya tara aiki biyar zuwa takwas mafi kyau a fayil ɗaya. Mai koyon nazarin bayanai ya sauko da alƙaluman da Bankin Duniya ke sakawa kyauta a shafinsa, ya tace su, ya fitar da rahoto mai shafi biyu. Mai son koyarwa ya ɗauki aji na gaske, ko na sa-kai ne.

Binciken shekarar ƙarshe dama ce da ake yawan zubarwa. Wata da watanni za ka yi a kansa ko kana so ko ba ka so, to me zai hana ka zaɓi batun da ya shafi aikin da kake hari? Shi za ka fi daɗewa kana magana a kai ranar intabiyu.

In ka samu zuwa sanin makamar aiki a wata ma'aikata, kada ka yarda ka ƙare a kujerar bakin ƙofa. Roƙi a ba ka wani aiki ƙarami da za a ce naka ne daga farko zuwa ƙarshe. Kowace Juma'a rubuta layi uku: me na yi, nawa ne, me ya canza. Bayan shekara ba za ka tuna ko fayil 40 ka tsara ko 400 ba, kuma wannan adadin shi ne zai cika maka takarda. Kafin ranarka ta ƙarshe karɓi wasiƙar shaida mai sa hannu da hatimi, don shugabanni suna canza wuri.

Mataki na 3: Mutane

A 1973 masanin zamantakewa na Amurka Mark Granovetter ya nuna cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda suka san shi sama-sama, ba daga aminansa ba. A 2022 wani bincike a kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20 ya ƙarfafa wannan magana. Dalilin a fili yake: amininka inda kake shiga nan yake shiga, abin da ka ji shi ma shi ya ji. Wanda ya gama sashenku shekara huɗu da suka wuce kuwa yana zaune a ofishin da ba ka san abin da ake ciki ba.

Rubuta suna 30: tsofaffin ɗaliban sashenku, malamai, waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu, baƙin da suka taɓa zuwa gabatar da lacca. Tuntuɓi biyu ko uku a mako. Kada ka buɗe da "a taimaka min da aiki", domin mafi yawansu ba su da gurbi a hannu, kunya za ta sa su yi shiru. Nemi shawara, kamar haka:

"Barka da aiki, Injiniya. Ina shekarar ƙarshe a sashen da kuka gama, kuma ina sha'awar irin aikin da kuke yi. In ba zan takura muku ba, ina roƙon minti 15 ta waya, duk ranar da ta yi muku, in yi tambaya uku."

Tambayoyin su zama: me sabon ma'aikaci ke yi a watanni shidan farko, me ake dubawa wajen ɗauka, wa kuma kuke ganin ya kamata in yi magana da shi. Ta ukun ce ke tsawaita jerin sunayenka. Ka cika alkawarin minti 15 ɗin, ka aika godiya, bayan wata biyu ka sanar da shi abin da ka yi da shawararsa.

Masu tsaya maka shaida kuma, mutum biyu ko uku, nemi izininsu kana makaranta. Ba su takardunka, kuma duk lokacin da ka sa sunansu a wani wuri ka sanar da su. Babu abin da ke kashe nema kamar a kira malami ya ce, "Wane ne ma?"

Mataki na 4: Takardar CV

Shafi ɗaya ya ishi sabon mai digiri, in ya yi yawa biyu. A sama suna, lambar waya, imel da garin da kake. Sai layi biyu ko uku da ke faɗin aikin da kake nema da abin da ka iya. Sai karatu, sai gogewa daga ta baya-bayan nan zuwa ta farko, sai ƙwarewa. Imel ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai suka sa maka ba.

Kowane layi na gogewa ya faɗi abin da ka yi, yawansa, da abin da ya haifar. Dubi bambancin waɗannan:

"Na kasance ma'ajin ƙungiyar ɗalibai."

"Na riƙe asusun ƙungiya mai mambobi 300, na mayar da lissafinta daga littafi zuwa Excel, na gabatar da rahoton kuɗi kowane wata."

Muƙami ɗaya ne, amma na biyun ya ba mai karatu abin da zai tambaye ka a kai.

Manyan ma'aikatu da yawa manhaja ce ke fara karɓar takardu, ta zare rubutun ciki ta jera, ma'aikaci ya bincika da kalmomi. Shi ya sa CV mai ado da ginshiƙai biyu, akwatuna da hotuna kan fito a hargitse, wadda aka ɗauka da kyamarar waya kuma tana iya fitowa wayam. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe fayil ɗinka na PDF, kwafe rubutun duka, ka zuba a shafin rubutu mara ado. In ya fito a jere, ana iya karantawa, ka tsira. Yi amfani da kalmomin da tallan ya yi amfani da su, matuƙar gaskiya ne ka iya abin. Sunan fayil ya zama sunanka, ba "sabuwa ta ƙarshe 3" ba.

Hoto da ranar haihuwa sun danganta da ƙasa. A Amurka da Birtaniya ba a saba sa su ba, a Jamus kuwa ana yawan sa hoto. Bi abin da tallan ya ce. Manhajoji irin su ChatGPT suna iya gyara maka nahawu, amma kada ka bari su ƙaga maka gogewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya biyu a intabiyu ta isa ta kai ka ƙarshensa.

Mataki na 5: Wasiƙar neman aiki

Sakin layi uku, kalma 250 zuwa 300: wane gurbi kake nema, abu biyu da ka yi da suka dace da shi, da dalilin da ya sa wannan ma'aikatar ce. Kafin ka aika duba sunan kamfanin sau biyu, don barin sunan wancan a wasiƙar wannan kuskure ne da ba a yafewa.

Mataki na 6: Aikawa da bibiya

Nema biyar zuwa goma a mako, kowanne an gyara shi daidai da tallansa, ya fi ɗari da aka watsa iri ɗaya. Aika a kwanakin farko na fitowar talla, saboda wasu ma'aikatu suna fara tantancewa kafin ranar rufewa. Ajiye jadawali: ina, wane gurbi, yaushe, wace CV, me ya biyo baya. In kwana 10 sun wuce shiru kuma kana da wanda za ka tuntuɓa, aika tuni sau ɗaya cikin ladabi.

Wannan jadawalin shi zai nuna maka inda ciwon yake. Nema 30 babu kira ko ɗaya, matsalar tana CV ko a irin guraben da kake hari, sai ka kai wa wani mai aikin ya duba. Ana kira amma ba a ɗauka, takardu sun yi, sai a gyara intabiyu.

Mataki na 7: Jarrabawa da intabiyu

Jarrabawar gwajin basira yawanci lokaci ne ke kayar da mutane a cikinta, ba wuyar tambaya ba. Yi atisaye da agogo a gabanka, minti 20 kullum, mako uku kafin ranar, ka saba da tsallake tambayar da ta cije.

Don intabiyu, tanadi labari shida daga rayuwar karatunka da aikinka: matsalar da ka warware, saɓani da abokin aiki, kuskuren da ka yi, jagoranci, aiki cikin ƙurewar lokaci, da abin da ka koya da kanka. Kowanne ya bi gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, matakin da ka ɗauka, sakamako. Gaɓa ta uku ta fi sauran tsawo, kuma a nan "na yi" ake son ji. Kunya kan sa mutum ya yi ta cewa "mun yi" har a rasa nasa hannun a ciki. Ɗauki muryarka a waya ka saurara, kowane labari kada ya wuce minti biyu.

Karanta abin da ma'aikatar ke yi, wa take yi wa, da labarinta na kwanan nan. Iso minti 15 kafin lokaci. In ta bidiyo ce, gwada sauti da caji tun da wuri, haske ya kasance a gabanka, ka tanadi wata hanyar intanet ta biyu. In aka tambayi albashin da kake so, faɗi tsakanin kaza da kaza bisa abin da ka jiyo daga masu aikin. In aka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Tambayi abin da ake sa ran sabon ma'aikaci ya cim ma a wata ukun farko.

Mataki na 8: 'Yan damfara da takardar ɗauka

Mai neman aiki da ya gaji shi ne abin harin 'yan damfara. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki ba za su karɓi kuɗi daga hannun mai nema ba. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, na horo ko na ajiye gurbi, tsaya. Haka in an ɗauke ka ba tare da intabiyu ba, ko albashin ya zarce hankali, ko saƙon ya fito daga imel na kyauta alhali an ce babban kamfani ne. Shiga shafin kamfanin da kanka ka ga ko gurbin yana nan. Lambar sirrin banki ba a ba kowa, takardunka na asali kuma a gani a mayar maka, kwafi kawai ake bari.

In takardar ɗauka ta zo, nemi kwana biyu ko uku ka karanta. Duba ko adadin da aka rubuta kafin cire haraji da fansho ne ko bayan cirewa, wata nawa ne lokacin gwaji, sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin ajiye aiki, a wane gari za ka zauna, da ko akwai sharaɗin biyan kuɗin horo in ka tafi da wuri. Duk alkawarin da aka yi maka da baki, roƙi a sa shi a rubuce kafin ka sa hannu, kuma kada ka janye sauran neman da ka yi sai kwafin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu ya shigo hannunka.